Danna, Taɓa ko Latsa: Mako Shida a Kan Aikatau na Wata Manhajar Adashi

A farkon kakar bara wani matashi da ke rubuta manhajar waya a wani ɗan shago a Samaru, ba nisa da Jami'ar Ahmadu Bello, ya same ni da aikin da ya ce ba zai ci mini fiye da kwana biyu ba. Ya gina manhaja ne domin iyayen adashi, masu karɓar zubi suna riƙe lissafin wanda ya zuba da wanda ya kwasa, amma duk rubutun da ke cikinta da Turanci yake, alhali waɗanda aka yi ta dominsu Hausa suke karantawa, wasu ma da ƙyar. Abin da yake so shi ne in rubuta kalmomin da za su hau kan maɓallai, da gajerun umarnin da ke gaya wa mutum abin da zai yi a kowane mataki. Na karɓa da ganin sauƙinsa, tunda na daɗe ina koyar da Hausa ina kuma taɓa fassara. Sai da aikin ya ci mako shida, kuma kusan duk lokacin a kan aikatau ya tafi, wato kalmomin da ke nuna aiki, domin sunaye irin su zubi da lissafi tun a daren farko suka zauna.

Tambayar farko ita ce da wace kalma za a ce wa mutum ya sa yatsa a kan maɓalli. Matashin ya nuna mini cewa jagoran rubutu na kamfanin Microsoft yana ba da shawarar a riƙa amfani da aikatau da bai ɗaure mutum ga wata na'ura ba, domin mai kwamfuta da mai waya da mai ba da umarni da murya duk su ji da su ake, kuma kalmar da suka fi so ita ce wadda ke nufin zaɓa. Shawarar ta kwanta mini a rai, na bi jimlolin kaf na sa "zaɓi". Tun a takarda na fara ganin matsala. Zaɓa na cikin aikatau masu sauya wasalin ƙarshe gwargwadon abin da ya biyo bayansu, wato aji na 2 a cikin azuzuwa bakwai da masanin Hausa F. W. Parsons ya kasa aikatau na Hausa a 1960: mukan ce ya zaɓi suna, ya zaɓe shi, abin da ya zaɓa. Ita kuwa manhaja jimla guda take riƙewa ta riƙa cusa mata kalmomi daban-daban, saboda haka jimlar da ta yi daidai a wani shafi sai ta karkace a wani, kuma duk inda "zaɓe" ya fito, mai karatu da sauri sai hankalinsa ya tafi rumfar ƙuri'a.

Abin da ya kashe maganar shi ne gwajin farko. Na ɗauki wayar na tafi Tudun Wada wurin wata Hajiya, aminiyar mahaifiyata, wadda ta shekara fiye da ashirin tana riƙe da adashin matan unguwarsu a cikin wani littafi mai baƙin bango. Aka shimfiɗa mini tabarma a tsakar gida, jikarta 'yar sakandare ta zauna kusa da ita tana taya ta karatu. Da suka zo shafin da aka rubuta "Zaɓi Ci gaba", sai Hajiya ta ɗago kai ta ce, "Ɗan nan, a cikin me zan zaɓa? Ai guda ɗaya nake gani." Ba ni da amsar da zan ba ta, domin gaskiyarta ce. A Hausa ba a zaɓi sai da abokin zaɓi. Daga ranar na keɓe wannan aikatau ga wuraren da aka jera abubuwa biyu ko fiye, kamar ranar zubi ko sunan mai kwasa, kuma na tabbatar kullum suna ne ke binsa domin wasalinsa ya tsaya wuri ɗaya.

Saura danna da latsa da taɓa. Latsa ta cika shafukan intanet na Hausa, amma a bakin mutane abu mai taushi ake latsawa, kamar mangwaro ko tumatir idan ana son a san ko ya nuna, kuma ban ji ko mutum ɗaya cikin waɗanda na gwada da su ya faɗe ta da kansa ba. Danna kuwa kowa ya san ta tun zamanin ƙananan wayoyi masu madannai, da muryar nan ta kamfanonin waya mai cewa a danna lamba kaza. Sai dai da na ce wa Hajiya ta danna sunan wata mata, sai ta ɗora babban yatsa ta danna da gaske, irin dannawar da ake yi wa madannin da ya fara ƙin ji, ta kuma bar yatsan a wurin. A wayoyin Android, yatsa ya yi kusan rabin sakan a wuri ɗaya, wayar ta ɗauka wani umarni ne daban, shi ya sa maimakon shafin matar ya buɗe, sai wani akwati ya faɗo yana tambayar ko a gyara sunan. Sau uku tana yi, sau uku akwatin na faɗowa, har ta tura wa jikarta wayar ta ce wannan abu ba na tsofaffi ba ne.

Na koma gida ina ganin taɓa ce mafita, tunda ita ce ta bayyana ainihin abin da yatsa ke yi. Da na gwada ta, hannun Hajiya ya yi sauƙi, shafin ya buɗe. Amma jimlar da ta fito a gaba ita ce "Taɓa kuɗin", kuma jikar ta karanta ta tana dariya, domin a gidan uwar adashi babu zargin da ya kai a ce ta taɓa kuɗin mutane. Na yi tunanin in bar danna ga taɓawa ta gajeren lokaci, in ba wa ta dogon lokaci "danne", domin harshen da kansa ya riga ya yi wannan bambanci: wanda ya danne abu bai ɗaga ba. A wurin manazarci wannan abin sha'awa ne, amma bambancin wasali ɗaya ne, kuma rabin wayoyin da na gani a gwajin gilashinsu a tsage yake. A ƙarshe ba kalmar na sauya ba, manhajar aka sauya. Na roƙi matashin ya cire doguwar dannawa gaba ɗaya, ya sa ƙaramin maɓalli na gyara a gefen kowane suna. Ya yi ƙorafin cewa shi fassara ya nema ba gyaran gini ba, amma ya yi, kuma daga nan ko Hajiya ta danna da sauƙi ko da ƙarfi, abu ɗaya ke faruwa.

Ina murnar an wuce wurin, ashe da sauran rina a kaba. Umarni a Hausa yana iya zuwa tsurarsa, babu wakilin suna: shiga, zauna, danna. Wannan ya dace da maɓalli, domin bai nuna ko da namiji ake ko da mace ba. Amma da zarar umarni biyu sun haɗu a jimla ɗaya, na farkon ne kaɗai ke zuwa haka, na biyun dole ya bayyana wanda ake magana da shi, kamar yadda muke cewa tashi ka tafi, ko zo ki zauna. Hani kuwa ba ya yiwuwa sam sai da wakilin suna, ko dai kada ka, ko kada ki, ko kada ku, ko kada a. Ni kuma ban ankara ba na cika jimlolin da "ka", a manhajar da mafi yawan masu riƙe ta mata ne. Mu Zage-zagi an sha yi mana tsiya cewa ba mu damu da jinsi a magana ba, muna cewa rigan inda wasu ke cewa rigar, amma ko a Zariya ba a ce wa dattijuwa "ka rubuta" a zauna lafiya. Hajiya ba ta yi faɗa ba, cewa kawai ta yi, "Wannan da Alhaji yake magana," kuma na fi jin nauyin wannan fiye da faɗan.

Na gwada rubuta duka biyun da 'yar sanda a tsakani, kamar yadda ake gani a wasu takardun cikewa, sai jikar ta karanta "kaki rubuta", aka yi ta dariya har da masu wanke-wanke. Matashin ya kawo shawarar a tambayi mutum jinsinsa ranar rajista, manhajar ta riƙe jimloli kashi biyu. Hakan mai yiwuwa ne, sai dai ya ninka aikin rubutu da na dubawa, ga shi kuma waya ɗaya ce ke yawo tsakanin mai gida da uwargida da 'ya'ya. "Ku" tana da ladabi, kunne kuma ya saba da ita a rediyo, amma idan mutum ɗaya ne riƙe da waya ana ce masa ku rubuta lambar sirrinku, sai abin ya yi kama da sanarwa ga taro, kuma lambar sirri ba ta taro ba ce. Na tsaya a kan "a", wadda muke gani a ƙofar masallaci an rubuta a kashe waya, a kwalin magani kuma a sha sau uku a rana. Tana da ɗan sanyi, ban musa ba, kuma ta tilasta mini zubar da mallaka, sunanka da sunanki suka koma suna kawai. Amma ba ta ware kowa ba, kuma tana ɗaukar jerin umarni da hani ba tare da ta sauya ba: a rubuta adadin zubi, a danna Ci gaba, kada a nuna wa kowa lambar sirri. Ƙa'idar da na kafa ita ce maɓalli ya zo tsurarsa, jimla kuma ta zo da "a".

Mako na uku na koma kasuwar Sabon Gari wurin wani mai sayar da atamfa da ke riƙe da adashin kullum na 'yan layinsu, kuma a nan na gane cewa aikataun da na ɗauka na kowa da kowa ne, harkar kuɗi ta riga ta yi musu rijista. Ya rubuta zubin mutum na farko ba gargada, da ya ga maɓallin da na sa wa "Ajiye" sai ya janye hannu ya ce, "Malam, a ina za a ajiye? Ni fa ban ce a kai kuɗin jama'a banki ba." Manhajar ba ta taɓa ko kwabo, lissafi kawai take riƙewa, amma a kunnen ɗan kasuwa ajiya kuɗi ce, ko a asusu ko a hannun amintacce. Na so in sa "Rubuta", domin shi ne abin da mai adashi ke yi a littafinsa, sai na tuna na riga na ba wa wannan aikatau aikin cike gurbi da haruffa ko lambobi, kuma ban yarda kalma ɗaya ta yi aiki biyu ba. Na sa "Adana", na kuma sa saƙon da ke biyo baya ya ambaci abin da aka adana ɓaro-ɓaro, wato "An adana lissafi". Ya karanta, ya gyaɗa kai, ya wuce.

Haka "Cire" ta yi mini. Na sa ta ne domin fitar da wanda ya bar adashi, amma da yake tana tsaye kusa da suna da adadin kuɗi, sai ya karanta ta yadda yake faɗinta kullum a wurin masu POS. Na mai da ita "Fitar daga adashi", ta yi tsawo har sai da aka faɗaɗa maɓallin, amma ba wanda ya sake tambaya. "Tura" ma ta zama ta kuɗi tun da aka saba da tiransifa, "Raba" kuwa a wurin mai adashi raba kuɗin ne, saboda haka maɓallin da ke kai wa membobi bayanin lissafi ta WhatsApp ya zama "Aika lissafi".

Kuskuren da ya fi ba ni kunya shi ne na "Share". Na sa ta a maɓallin da ke kawar da abin da aka rubuta, kuma Hausa ce tsantsa, daga shara. Abin da ban lura da shi ba shi ne cewa haruffanta biyar daidai suke da na kalmar Turancin nan da ke ƙarƙashin kowane hoto a Facebook, wadda ke nufin a watsa wa wasu. Facebook ya samu da Hausa tun 2016, amma kusan duk wayar da na leƙa a gwajin nan da Turanci aka bar ta, saboda haka idon matasa ya riga ya haddace siffar kalmar da ma'anarta ta can. Yaron shagon mai atamfa ya so ya aika wa wani lissafin ranar, ya hango kalmar, ya danna, lissafin ya ɓace. Allah ya sa na gwaji ne. Na maye gurbinta da "Goge", wadda kowa ya sani tun daga allon makaranta, na kuma bi sauran kalmomin ɗaya bayan ɗaya ina duba ko akwai wadda idan an karanta ta da idon Turanci za ta ba da wata ma'ana.

"Fasa" kuwa ni na ji tsoronta, mutane ba su ji ba. Rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti, saboda haka fasa ta fasa tafiya da fasa ta fasa tulu siffarsu ɗaya a takarda. Na zaci za a yi tuntuɓe, amma duk wanda ya gan ta kusa da "Ci gaba" ya gane nan take, domin ita ce kalmar da ke bakinsa idan ya sauya shawara. Na bar ta ga aikin da ba a kammala ba, na ba wa "Soke" abin da an riga an adana ana son a warware shi, kamar zubin da aka rubuta wa wanda bai kawo ba. Haruffa masu ƙugiya, waɗanda suka shiga rubutun Hausa tun shekarun 1930 kuma jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta yaɗa su daga nan Zariya tun 1939, sun fito a matsayin akwatuna a wata tsohuwar waya, "Buɗe" da "Zaɓi" suka zama ba sa karantuwa. Matashin ya so a cire ƙugiyar, na ƙi, ya saka wa manhajar nau'in rubutun da ke ɗauke da su, aka wuce.

Akwai kuma abin da Hausa ke tilasta wa marubuci ya yanke hukunci a kai, wato ina aikin ya nufa. Wasalin "o" a ƙarshen aikatau yana jawo aiki zuwa wurin mai magana: aika da aiko, shiga da shigo, koma da komo. To wa ke magana a cikin manhaja? Na kwana biyu ina jujjuya wannan kafin in ga cewa muryoyi biyu ne. Abin da ke kan maɓalli aikin mai riƙe da waya ne, daga wurinsa yake fita, saboda haka "Aika" da "Shiga" da "Koma". Inda kuwa masu manhajar ne ke roƙon wani abu ya zo gare su, sai a juya, a ce "A aiko mana da ƙorafi". Na guji "Koma baya" duk da cewa ita ce ta fara zuwa mini, domin babu ɗan kasuwar da ke son ganin koma-baya a cikin lissafinsa da sassafe. "Shigar da", wadda masu fassara ke ƙauna, na bar ta gaba ɗaya, tunda harafi ɗaya ne ya raba ta da "shiga", ga shi kuma ba wanda ke cewa ya shigar da lamba, cewa ake ya sa ko ya rubuta.

A mako na biyar na tattara komai a jadawali ɗaya, kowane aikatau da aikinsa da wurin da aka haramta masa shiga. A nan muka yi gardama mafi tsawo da matashin, kuma abin mamaki shi ne yake kare adon harshe. Ya ce "danna" ta yi yawa, shafi ɗaya sau huɗu, ko za a riƙa sirkawa da latsa domin kada a ce ba mu iya Hausa ba. Na gane daga ina ya ɗauko wannan, domin mu malamai ne muke ja wa ɗalibi jan layi idan ya maimaita kalma a insha'i. Amma na ga yadda Hajiya ke karatu: idan kalma ta sauya, sai ta tsaya ta nemi abin da ya sauya a aikin. Wanda aka ce wa danna a shafi na farko, aka ce masa latsa a na biyu, yana da hujjar ya zaci wani abu daban ake so ya yi. Na ce masa ya bar maimaicin a wuyana.

Kalma ɗaya ce ba mu daidaita a kanta ba har aka saki manhajar. Matan Tudun Wada kwasar adashi suke cewa, mai atamfa da 'yan layinsu kuwa ɗauka suke cewa, kuma kowane ɓangare ya gane na ɗayan amma yana ganin nasa ne daidai. Na bar "Kwasa" saboda ba ta da wani aiki a manhajar, alhali ɗauka tana nan a wurin ɗaukar hoton rasit.

Ranar da na koma Tudun Wada da sigar ƙarshe ranar zubi ce, jikar kuma tana makaranta. Wata maƙwabciya ta shigo da kuɗinta a ƙulle a bakin zane, Hajiya ta ƙirga, ta ɗauki wayar ta nisanta ta da fuskarta kaɗan, ta danna sunan matar da ƙarfinta na kullum, shafin ya buɗe. Ta rubuta adadin da yatsa ɗaya, ta karanta maɓallin a hankali tana motsa leɓe, ta danna. Da saƙon ya fito sai ta karanta shi a fili, "An adana lissafi," ta ce, "To, madalla." Sannan ta kife wayar a kan tabarma, ta jawo littafinta mai baƙin bango daga ƙarƙashin matashi, ta ce in miƙo mata biro.